Tsohon Keken Tsere na Ƙarfe: Tambayoyi da Amsoshi kan Gane Shi da Farfaɗo da Shi

A cikin kekunan gwanjo da ake saukewa daga Turai, jefi-jefi akan ga wani siriri mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, ga 'yan sandunan giya biyu a jikin bututun ƙasa. Masu saye sukan wuce shi don ba shi da kariya, ba ya ɗaukar buhu. Alhali wasunsu da hannu aka haɗa su shekara arba'in ko hamsin da suka wuce, da ƙarfen da ya fi na duk kekunan da ke jingine kusa da su. Ga tambayoyin da masu sha'awar irin wannan keke suka fi yi mini, da amsoshin da nake ba su.

Ta yaya zan bambance na kirki da wanda aka yi wa siffar na tsere kawai?

Fara da ɗaga shi. Keken tsere na gaske na shekarun 1970 bai cika wuce kilo goma da ɗan wani abu ba, na kasuwa kuwa yakan kai sha uku ko fiye. Sai ka duba kunnen firam, wato bakin da ƙafar baya ke shiga. Idan mai kauri ne, an ƙera shi da tudu da kwari, har da ɗan siririn noti na daidaita zaman ƙafa, wani lokaci da sunan kamfanin kayan keke irin Campagnolo ko Simplex ko SunTour a jiki, to ka samu abu. Idan kuwa falle ne shafal da aka yanko daga farantin ƙarfe, na talakawan kekuna ne.

Sannan mahaɗa, 'yar rigar ƙarfen nan da ake zura bakin bututu a ciki a like da tagulla ko azurfa. Maƙerin da ya san aikinsa yakan goge gefenta har ta yi siriri ta kwanta a jikin bututu, ba ka ganin rami ko dunƙulen tagulla.

Amma awon da ba ya ƙarya shi ne kaurin sandar sirdi. Bututun da take shiga yawanci milimita 28.6 ne daga waje. Idan sandar 27.2 ce, bangon bututun siriri ne ƙwarai, kuma ba a yin siririn bango sai da ƙarfe mai kyau. Idan 25.4 ce ko kusa da haka, bangon mai kauri ne, ƙarfen gama-gari ne. Kekunan Faransa sun ɗan bambanta, don bututunsu 28 ne cif, saboda haka 26.4 ko 26.6 a wurinsu alama ce mai kyau.

Na ga sitika mai lamba 531 a ƙarƙashin sirdi. Me take nufi?

Sunan ƙarfen ne, ba na keken ba. Kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila ya fito da 531 a 1935, ƙarfe ne da aka gauraya da manganis da molibdenam, kuma ya shafe shekaru da dama yana cikin abin da ake cin gasar Tour de France da shi. Sirrin mafi kyawun nau'insa shi ne bangon bututun yana da kauri a baki biyu inda wuta za ta taɓa, tsakiya kuma siriri. Takwaransa na Italiya shi ne Columbus mai tambarin kurciya, da nau'o'insa SL da SP da SLX. Faransa na da Vitus, Japan na da Tange da Ishiwata.

Ka karanta sitikar da kyau, don ba duka ɗaya ba ne. Wata tana cewa firam da fok da sandunan baya duk 531 ne, wata kuma manyan bututu uku ne kaɗai. Kuma ka sani ana buga sababbin sitikun nan ana sayarwa, kowa na iya manna wa kowane keke. Sitika shaida ce, amma sai awon sandar sirdi ya gaskata ta.

An shafe shi da fenti, babu suna ko ɗaya. Ta ina zan fara?

Juya shi ƙafafu sama, ka auna faɗin gidan boris na tsakiya, inda sandar feda ke ratsawa. Wannan ɗan guntun bututu shi ne fasfo ɗin keke.

Idan faɗinsa milimita 70 ne, kusan tabbas ɗan Italiya ne, ko kuma an yi shi a kan tsarinsu, kamar yadda wasu maƙeran Beljiyam suke yi. Tiredinsa milimita 36 ne, kuma kofunan biyu da ke riƙe boris, na hagu da na dama, duk ta hagu ake kwance su. Idan 68 ne, to ko tsarin Ingila ne ko na Faransa. Na Ingila yakan ɗauki rubutun 1.37 x 24 a jikin kofi, kuma kofin ɓangaren kaca a juye yake, ana kwance shi ta yadda hannun agogo ke tafiya. Na Faransa 35 x 1 ne, duka biyun ta hagu ake kwancewa. Akwai na Suwizalan, shi ma 35 x 1, sai dai kofin ɓangaren kaca a juye kamar na Ingila.

Bayan ka san ƙasa, sai ka nemi hannun maƙeri. Fenti na rufe suna, amma ba ya cike abin da aka sassaƙa a ƙarfe. Maƙerin Italiya Ernesto Colnago yakan huda tambarin kulob irin na karta a mahaɗa da ƙarƙashin gidan boris da kan fok. De Rosa zuciya yake hudawa. Wasu sukan zana sunansu a saman sandunan baya, daidai inda suka haɗu da bututun sirdi. Ka duba gaban bututun kai ko akwai ƙananan ramuka biyu ko uku na ƙusar tambari. Idan ka zare fok, sau da yawa za ka tarar da asalin launin keken a jikin bututun da ke ɓoye, inda burushin mai fenti bai kai ba. Shuɗi-shuɗin nan mai ruwan kore da Italiyawa ke kira celeste, idan ka gan shi a nan, sai ka fara tunanin kamfanin Bianchi na Italiya.

Abin da nake roƙo shi ne kada son zuciya ya sa ka ba keke sunan da ba nasa ba. Ƙananan maƙera sun cika Italiya da Faransa da Ingila a wancan zamani, kuma da yawansu aikinsu bai gaza na manyan ba.

To shekararsa fa?

A nan ne aikin ya fi daɗi, don kayan da ke jikinsa sukan faɗi shekarunsu da kansu.

Campagnolo, kamfanin da Tullio Campagnolo ya kafa a Vicenza ta Italiya a 1933, a wancan zamani yana buga shekara a wurare uku. A saman na'urar canza giya ta baya samfurin Nuovo Record, kusa da inda waya ke shiga, akwai kalmar PATENT da lamba biyu. A bayan hannun feda, daga 1973, akwai lamba ɗaya: idan tana cikin zanen daimon irin na karta, shekarun 1970 ne, idan cikin da'ira, farkon shekarun 1980. Na uku yana fuskar ciki ta notin da ke kulle hob, wato cibiyar ƙafa, sai ka kwance kafin ka gani. Kamfanin Shimano na Japan kuwa harufa biyu yake bugawa: na farko shekara, inda A take 1976, na biyu wata, daga A zuwa L. Saboda haka EC na nufin Maris na 1980.

Na taɓa samun wani da aka shafe da koren fenti irin na ƙofar gida, har kan wayoyin birki. Na jiƙa na'urar giyar a kananzir kwana ɗaya, da safe na sa tsohon burushin haƙori, baƙin giris yana zuba, sai ga PATENT 74 ya fito tar kamar jiya aka buga. Na kankare fentin ƙarƙashin gidan boris a hankali da bakin reza, na tarar da lamba mai farawa da W, adadinta na farko 5. Raleigh ce: W na nufin masana'antarsu ta Worksop a Ingila, 5 kuma 1975. Bambancin shekara ɗayan nan bai dame ni ba, don kaya sukan kwana a sito kafin a ɗaura su. Ƙa'idar ita ce firam da kayansa na asali ba sa yin nisa da juna a shekaru, kuma kaya guda ɗaya ba ya isa hujja, tunda ana iya canza shi. Sai uku ko huɗu sun yi baki ɗaya.

Shi kansa firam ɗin yana magana. Auna tazarar kunnuwan baya daga ciki: milimita 120 zamanin giya biyar ne, 126 giya shida ko bakwai, wato daga ƙarshen shekarun 1970, 130 kuma giya takwas zuwa sama. Tsofaffi ba su da abin riƙe waya ko gorar ruwa da aka like a jiki, komai da ɗamara ake ɗaure shi. Wayar giya tana bi ta saman gidan boris a na dā, ta koma ƙarƙashi a na baya.

Raleigh ai ita ce Rali da muka sani. Ɗaya suke?

Kamfani ɗaya ne, na Nottingham, wanda har masana'anta ya yi a Kano, amma baƙin doki mai birkin sanda da kakanninmu suka hau daban yake da na tsere. Manyan kekunan tserensu a Worksop aka riƙa yin su, a masana'antar Carlton da Raleigh ta saya a 1960. Mafi daraja kuma su ne masu lamba da ke farawa da SB, daga ƙaramin sashen Ilkeston da aka buɗe a 1974, inda aka riƙa ƙera wa ƙungiyar tsere ta TI-Raleigh kekuna. Da wannan ƙungiya Joop Zoetemelk ya ci Tour de France a 1980. Ka kiyaye abu ɗaya: Rali masu araha na Nottingham suna da tiredi nasu na kansu, 26 a inci maimakon 24, kofin wani keke ba ya shiga.

Me ake nufi da kayan zamaninsa, kuma dole ne?

Ana nufin kowane abu da ke jikin keken ya zama wanda mai shi zai iya shiga kanti ya saya a shekarar da aka ƙera shi, ko 'yan shekaru kaɗan bayanta. Wannan ya fi sauƙi a kan mayar da shi daidai yadda ya fito a kundin tallan kamfani, kuma a ganina ya fi gaskiya, domin 'yan tsere da yawa firam kawai suke saye su zaɓi sauran kaya da kansu.

'Yan shekaru kaɗan za su tsare ka daga kuskure. A kayan Campagnolo, Nuovo Record ta fito a 1967, Super Record a wajen 1974, C-Record a tsakiyar shekarun 1980. Dura-Ace ta Shimano ta fara a 1973, giyarta mai ƙas-ƙas da ke faɗawa gurbi da kanta kuma a 1984. Fedar Look mai kama takalmi ba tare da maɗauri ba ita ma 1984 ce, Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985. Saboda haka keken 1975 yana son feda mai kejin yatsu da maɗaurin fata, giya mai santsi a bututun ƙasa, da wayoyin birki da suka fito ta saman hannu suka yi baka a iska. Kan keken kuma a naɗe shi da tef na auduga.

Ƙasa ma tana da nata. Peugeot PX-10 na Faransa da giyar Simplex da hannun feda na Stronglight da birkin Mafac aka san shi. Idan ka cika shi da Campagnolo, zai yi tafiya, amma kamar an sa wa Bafaranshe hular wani ne.

Dole kuwa, ba dole ba ne. Amma ni na fi son in jira wata shida in sami abin da ya dace da in ɗaura wanda ido zai riƙa tuntuɓe da shi kullum. SunTour ta Japan, wadda ta yi rajistar na'urar giya mai karkataccen jiki a 1964, ta fi Campagnolo na lokacin canza giya sumul, ga araha. Ga keken da ba ɗan Italiya ba, zaɓi ne na zamaninsa da ba abin kunya a ciki.

Me ya sa ake cewa a yi hattara da kekunan Faransa?

Don kusan komai nasu ya kauce wa na sauran da ɗan ƙanƙanin abu, wanda ido ba ya gani sai an yi ɓarna. Wuyan kai milimita 22.0 ne, na sauran 22.2. Tiredin feda 14 x 1.25 ne. Firiwil nasu daban. Abin zare hannun feda na tsohon Stronglight 23.35 ne, na TA 23, na sauran duniya 22, kuma idan ka sa ƙaramin, tiredin alminiyam zai biyo shi waje.

Na ga wannan da idona. Na bar wani Peugeot wurin mai gyara don ya sa masa giris kawai. Ya ga kofin ya ci, ya ɗauko na Ingila, wanda 34.8 ne, ya ji ya fara shiga, sai ya ɗora bututu a kan sifana ya danna. Da na dawo na tarar da garin ƙarfe a ƙasa. Ba mugunta ya yi ba, bai taɓa ganin irinsa ba ne. Maganin da ya rage a irin wannan hali shi ne a sake yanka tiredin zuwa na Italiya tunda ya fi faɗi, ko a sa irin gidan boris da ba ya buƙatar tiredi. Tun daga ranar nake gaya wa kowa: kowane kofi ko noti ya shiga zagaye uku da yatsu kafin sifana ta taɓa shi.

In sake masa fenti?

A mafi yawan lokuta, a'a. Fentin asali sau ɗaya ake yin sa, kuma ƙuje-ƙujen da ke jikinsa na shekarunsa ne. Wanke shi da ruwan sabulu, ka goge da man goge mota mai laushi, ka kewaye sitiku, ka shafa kakin mota. Za ka yi mamakin launin da zai taso. Garin gyaran gira kada a rasa ido: na ga firam da aka kai wa masu fentin mota suka ci shi da samfefa mai kaushi har gefen mahaɗa ya dushe, lambar ƙarƙashi ta cike.

Inda fenti ya halatta shi ne idan wani ya riga ya shafe na asali, ko tsatsa ta ci wuri mai faɗi. A nan ma ka ɗauki hoton kowace sitika da awon inda take kafin a taɓa, a toshe duk tiredi, kuma fentin ya zama siriri.

Tsatsa da lanƙwasa: wanne ake gyarawa, wanne ake haƙura?

Jar tsatsa ta sama ba komai ba ce. A kan kurom, dunƙule takardar alminiyam ka jiƙa da ruwa ka goga. Ƙananan kayan ƙarfe kuma a jiƙa su a ruwan asid ɗin okzalik mai rauni, a ɗauraye, a busar nan take, ban da na alminiyam. Cikin bututu, bayan ya bushe sarai, a zuba ɗan man hana tsatsa a jujjuya. Wadda ake tsoro ita ce mai rami, musamman a sandunan da ke bin kaca kusa da gidan boris, inda ruwa ke kwanciya. A tsakiyar bututu bangon bai kai milimita ɗaya ba, rami kaɗan ya isa.

Kafin ka biya kuɗi, shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daf da bayan mahaɗar kai. Idan ka ji ɗan tudu kamar jijiya, ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo da gaba. Ka bar shi, sai dai idan kayan jikinsa kake so. Don gwada miƙewa, ɗaura zare daga kunnen baya ɗaya, ya zagaya bututun kai, ya dawo ɗaya kunnen, sannan ka auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. Su zo daidai.

Kada a kai firam irin wannan wurin mai waldar lantarki. Take zai huda shi.

Sandar sirdi ta ƙi fita. Yaya zan yi?

Alminiyam da ƙarfe idan suka daɗe tare ba giris sukan manne. Zuba man kwance tsatsa ta sama da ta cikin gidan boris, kullum, har mako guda ko biyu. Sannan ka juya keken, ka damƙe kan sandar a bais, ka murɗa firam ɗin da hannu biyu. Kada ka buga ta ciki da guduma, kada ka buɗe bakin bututu da sukundireba. Idan ta ƙi, a yanke ta a bar ɗan tsawo, a tsaga ta daga ciki da zarto a hankali. Matakin ƙarshe shi ne soda irin ta masu yin sabulu, wadda ke narkar da alminiyam ta bar ƙarfe, amma tana ƙona fata da ido, tana cin fenti, tana fitar da iska mai kama wuta. A fili ake yi, da safar hannu da tabarau, nesa da yara.

Wane abu ne ba a barin tsoho ko da na asali ne?

Taya, tif, robar birki, wayoyin birki da na giya, kaca idan ta miƙe, da boris. Ana yin sababbi masu kamannin na dā, har taya mai gefe ruwan ƙasa. Boris ɗin gidan tsakiya da hob na baya kwata na inci ne, goma sha ɗaya kowane gefe a tsakiya, tara a baya. Na gaba yawanci 3/16 ne, amma hob ɗin Campagnolo Record 7/32 yake ci.

Alminiyam ba ya gargaɗi kafin ya karye. Wanke hannun feda na Nuovo Record ka duba da fitila a kusurwar da ya rabu da yatsun faranti, nan yake fara tsagewa. Tsohon wuyan kai na AVA da ke kan kekunan Faransa da yawa ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa. Ka cire shi ka adana, ka hau da wani. A wannan wuri ba na sassauci.

Na sayi taya ta ƙi shiga rim. Me ya faru?

Akwai awo biyu masu kama da juna: inci 27, wanda rim ɗinsa milimita 630 ne, da 700C, wanda 622 ne. Duba lambar a gefen tsohuwar taya. Idan za ka koma 700C, robar birki za ta sauka da milimita huɗu, ka tabbata akwai wurin.

Idan kuma rim ɗin ba shi da leɓe, kwari ne kawai mai busasshen gam, to na tayar da ake ɗinke tif a cikinta ne a manna. Ita ce ta 'yan tsere na ainihi. Sai dai ga ƙayar hanyoyinmu da zafin kwalta a watan Afrilu, wanda ke sassauta gam, shawarata ka adana waɗannan ƙafafun, ka ɗaura wasu na hawan yau da kullum a kan hob na zamanin da rim mai leɓe.

Zan iya buɗe bayansa don giya ta ƙaru?

Ƙarfe irin 531 da SL yana karɓar buɗewa daga 120 zuwa 126 idan wanda ya iya ne ya yi, ya kuma daidaita kunnuwan. Reynolds 753 ba a taɓa shi sam, don an gasa shi, ba ya lanƙwasuwa sai dai ya lalace. Ni dai ban cika so ba. Idan hawan tudu ne matsalar, firiwil mai haƙori 26 ko 28 yakan wadatar.

Bayan duk wannan wahala, hawa ake yi ko ajiyewa?

Hawa. A garin Gaiole da ke yankin Chianti na Italiya, tun 1997 ake taron L'Eroica da Giancarlo Brocci ya assasa, inda dubban mutane ke bin fararen hanyoyin burji a kan kekunan 1987 zuwa baya, da sharaɗin giya a bututun ƙasa, feda mai maɗauri, da wayar birki a waje. Ƙura da tsakuwa suke bi da su, ba a lallaɓa su.

Ranar farko kada ka yi nisa. Zagaya unguwa, ka saba da sauke hannu ɗaya zuwa sandar giya, ka tura ta kaɗan ta wuce sannan ka dawo da ita har ƙarar kaca ta ɗauke. Ka bar maɗaurin feda a sake har ƙafarka ta koyi fita. Birkin wancan zamani yana son a fara matsa shi da wuri. Da ka dawo gida, bi kowane noti da sifana, musamman na hannun feda da kofin tsakiya na Italiya ko Faransa, don shi yakan kwance kansa. Bayan mako biyu ka sake ɗaure wayoyi, ka duba sufok. Lokacin hunturu kuma, goge kaca da tsumma duk bayan fita, ka ɗiga mata mai kaɗan.